Tauraron da Ke Bugu da Wanda Aka Ce Yana Bugu

A shekarar 1866, wani limamin Kirista masanin taurari a birnin Rum, Angelo Secchi, ya rarrabe hasken tauraron Gamma Cassiopeiae zuwa launukansa, sai ya ga layin haidurojin yana walƙiya a inda sauran taurari ke nuna baƙin layi. Daga nan nake fara ƙirga tarihin taurarin da ake kira Be, ko da yake sai a 1931 Otto Struve ya kawo bayani mai ma'ana: tauraron yana juyawa da matsanancin gudu, har iskar gas ta fita daga ƙugunsa ta kewaye shi kamar faifai. Bayanin ya bar giɓi, domin yawancin waɗannan taurari gudunsu bai kai ya yar da iskar shi kaɗai ba.

Aka shekara talatin kafin hasken eksire ya shigo zancen. A 1962 roka ta Riccardo Giacconi da abokansa ta gano Scorpius X-1. Ran 12 ga Disamba 1970 aka harba tauraron ɗan'adam Uhuru daga gaɓar tekun Kenya, shi ya nuna Centaurus X-3 yana ƙiftawa duk daƙiƙa 4.8. A 1975 kuma Ariel V na Birtaniya ya gano A0535+26, ƙaramin tauraron niyutiron mai ƙiftawa duk daƙiƙa 104, wanda ke zagaya wani tauraron Be cikin kwana 111. Idan ya matso kusa sai ya yagi iskar faifan, iskar ta faɗa kansa, ta yi zafin da ke haifar da eksire.

A nan nake ganin marubuta tarihin kimiyya sun yi rashin adalci. Sun ba ƙaramin suna mai bugu, alhali juyi kawai yake yi, haskensa na share sarari kamar fitilar hasumiyar bakin teku. Babban ne ke bugu da gaske: fuskarsa tana kaɗawa, wani sashe na tasowa wani na lotsawa. Dietrich Baade ya bi sawun wannan kaɗawa tun farkon shekarun 1980. A 1998 Thomas Rivinius da shi da abokan aikinsu suka nuna cewa Mu Centauri, tauraron Be ne shi ma, yana fesar da iska ne a lokacin da kaɗe-kaɗensa mabambanta suka haɗu suka ƙarfafa juna. Kafin nan, a 1991, Lee da Osaki da Saio sun riga sun bayyana yadda gogayya a cikin iskar ke shimfiɗa ta waje har ta zama faifai.

Faifan kuwa ba ya dawwama. Na tauraron A0535+26 ya ɓace a 1998, daga baya ya sake tohowa, kuma a tsawon shekarun da ya yi rauni babu wata babbar fashewar eksire da aka gani, sai a 2005.