Gobarar Lahaina: Yadda tsibirin Maui ke sake gini tsakanin buƙatar baƙi da haƙƙin mazauna

A ranar 8 ga Agusta, 2023, gobarar daji ta cinye mafi yawan garin Lahaina da ke yammacin tsibirin Maui, a jihar Hawai ta Amurka. Mutum 102 ne suka rasu, gine-gine sama da 2,200 suka ƙone, akasarinsu gidajen zama, kuma an ƙiyasta asarar da aka yi a kan dala biliyan 5.5. Amurka ta shafe fiye da shekara 100 ba ta ga gobarar daji da ta ci rayuka haka ba. Tun daga lokacin, tsibirin ke neman yadda zai ci gaba da karɓar 'yan yawon buɗe ido, waɗanda kuɗinsu ne ke riƙe da tattalin arziƙinsa, ba tare da an tauye mazaunan da suka rasa matsuguni ba.

Tarihin garin

Maui shi ne na biyu a girma cikin tsibiran Hawai da ke tsakiyar Tekun Fasifik. Lahaina ta kasance babban birnin Masarautar Hawai daga 1820 zuwa 1845, kafin a mayar da fadar mulki Honolulu. Daga baya noman rake ya mamaye yankin, aka karkatar da ƙoramu zuwa gonaki, har fadamun da ke kewaye da garin suka ƙafe. Da aka rufe masana'antar sukari ta Pioneer Mill a 1999, sai gonakin suka koma saura, ciyayin da aka shigo da su daga waje domin kiwo, ciki har da ciyawar Gini wadda asalinta daga Afirka ne, suka rufe filayen. A ƙidayar 2020, mazauna Lahaina sun kai kimanin 12,700.

Musabbabin gobarar

A ranar da abin ya faru, guguwar Dora na ratsa teku can kudu da tsibiran, yayin da iska mai gudun kusan kilomita 100 a sa'a ke gangarowa daga duwatsu zuwa garin. Rahoton da hukumar kashe gobara ta Maui da masu bincike na gwamnatin tarayya suka fitar a Oktoban 2024 ya nuna cewa wayar lantarki da ta tsinke ce ta kunna wa busasshiyar ciyawa wuta da safe. 'Yan kwana-kwana sun yi aiki a wurin har suka ɗauka wutar ta mutu, amma da rana iska ta sake hura ta, ta tsallaka cikin unguwanni.

Ba a kaɗa jiniyar gargaɗi ba, layukan waya sun katse, hanyoyin fita kuma suka cushe da motoci, har wasu suka faɗa teku don tsira. Shugaban hukumar agajin gaggawa ta Maui, Herman Andaya, ya yi murabus a ranar 17 ga Agusta bayan sukar da ya sha kan batun jiniyar. Wuraren tarihi kamar majami'ar Waiola da otal ɗin Pioneer Inn da aka gina a 1901 sun ƙone, amma ƙatuwar bishiyar nan dangin ceɗiya da aka dasa a 1873 ta sake tofo bayan ta babbake.

Cunkoson baƙi

Tun kafin gobarar ake ƙorafi kan yawan baƙi. A 2022, mutum kusan miliyan 2.9 ne suka ziyarci Maui, alhali mazauna gundumar ba su wuce 165,000 ba. Tsarin raya tsibirin ya tanadi cewa kada baƙin da ke wurin a kowace rana su wuce kashi ɗaya cikin uku na mazauna, amma an sha haura wannan iyaka. A 2021, magajin garin Maui na wancan lokaci, Michael Victorino, ya roƙi kamfanonin jiragen sama su rage jigilar fasinja saboda cunkoso.

Bayan gobarar, hukumomi sun nemi baƙi su fice, dubbai kuma suka tafi cikin 'yan kwanaki. Ba da jimawa ba otal-otal da gidajen abinci suka shiga sallamar ma'aikata, da yawansu waɗanda gobarar ta riga ta raba da gidajensu. Wannan ya sa Gwamna Josh Green ya sanar da sake buɗe yammacin Maui daki-daki daga 8 ga Oktoba, 2023, wata biyu cif bayan bala'in. Dubban mazauna sun sa hannu a takardar koke suna neman a jinkirta, suna cewa ba su gama makoki ba, kuma bai dace wanda ya rasa iyalinsa ya koma yi wa masu shaƙatawa hidima da murmushi ba. Duk da haka, zuwa 1 ga Nuwamba an buɗe yankin gaba ɗaya, ban da wuraren da suka ƙone.

Matsalar gidaje

Kusan mutum 8,000 aka tsugunar a otal-otal a watannin farko. Samun gidan haya ya yi wuya, domin dubban gidaje a tsibirin an ware su ne ga baƙi masu kwana kaɗan, waɗanda ke biyan abin da mazauni ba zai iya ba. Ƙungiyar Lahaina Strong ta kafa tantuna a bakin tekun Kaanapali, gaban manyan otal-otal, daga Nuwamban 2023, tana neman a mayar da waɗannan gidaje ga 'yan gari. A Mayun 2024, Magajin Gari Richard Bissen ya gabatar da ƙudurin soke hayar gajeren lokaci a gidaje kusan 7,000. Masu gidajen da 'yan kasuwa sun yi adawa da shi, suna cewa zai rage ayyukan yi da kuɗin haraji. A gefe guda, gwamnatin jiha ta gina unguwar wucin gadi mai suna Ka Lai Ola mai gidaje 450.

Sake gini da diyya

Aikin ya fara ne da kwashe guba, saboda tokar na ɗauke da sinadarai masu cutarwa kamar darma. Sashen injiniyoyi na rundunar sojin Amurka ya kammala share filayen gidajen zama a Agustan 2024, kuma an gama gina gidan farko a Nuwamban shekarar. Tsadar kayan gini da ake kawowa ta jirgin ruwa, da ƙarancin ma'aikata, da kuɗin inshorar da bai kai na sabon gini ba, sun sa aikin na tafiyar hawainiya, wasu iyalai kuma sun bar tsibirin.

A Agustan 2024 aka cimma yarjejeniyar diyya ta kimanin dala biliyan 4, inda kamfanin lantarki na Hawaiian Electric zai biya kusan rabi, sauran kuma daga gwamnatin jiha da gundumar Maui da manyan masu filaye da kamfanonin sadarwa. A Mayun 2025, gwamnan ya sa hannu kan dokar da ta ƙara harajin kwana a otal daga kashi 10.25 zuwa kashi 11 cikin 100, daga Janairun 2026, domin a samu kusan dala miliyan 100 a shekara don kare muhalli da rigakafin gobara.

Darasi ga Najeriya

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Busasshiyar ciyawa da iska mai ƙarfi da lalatattun wayoyin lantarki duk abubuwa ne da aka sani a nan lokacin hunturu, musamman a garuruwan da gidaje ke kutsawa cikin tsoffin gonaki, kamar Shabu da ke gefen Lafiya a jihar Nasarawa. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris ɗin 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina kuma a Maris ɗin 2021.

Abin da ya faru a Lahaina ya nuna muhimmancin share ciyawa a kewayen unguwanni kafin rani, da barin hanyoyin fita a buɗe, da tsayawa a wurin gobara har a tabbatar babu sauran garwashi. Ya kuma nuna cewa bayan bala'i, wanda ya rasa gida ko shago na iya rasa wurin baki ɗaya idan ba a rubuta haƙƙinsa ba kafin a fara sabon gini. Jihohin da ke son jawo baƙi zuwa wurare irin su Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba na da damar tsara adadin baƙi da rabon amfanin da zai kai ga mazauna tun kafin cunkoso ya iso.