Daga Taki Zuwa Igiya: Tarihin Awon Ƙasa a Gumani

A ɗakina na Gumani, unguwa a Tamale ta Ghana, akwai wata igiyar rama da na gada daga mahaifina, tsawonta ƙafa 100, da ƙulli a kowace ƙafa 10. Ta yi baƙi saboda gumin hannu. Duk shekarun da na yi ina koyar da lissafi a firamare, da ita nake fara darasin awon fili kafin in taɓa alli, domin a gidanmu wannan lissafi ya riga makarantar boko shigowa.

Kakana Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi ƙasar Dagomba. Yana yaro Turawa suka ci Kano a 1903, kuma a zamanin Sarki Abbas ya ga sabon abu a karkara. A da, haraji yana bin magidanci da irin shukarsa: kuɗin ƙasa, kuɗin shuka, kuɗin rafi. Sai aka fito da malaman taki. Malami zai tsaya a bakin gona, ya taka tsawonta yana ƙirga, ya taka faɗinta, ya ninka wannan da wancan, abin da ya fito shi ne ma'aunin harajin. Kakana ya ce manoma kan tsaya suna kallon ƙafar malamin kamar masu kallon hadari. In ya ƙanƙance taki, gona ta ƙara girma a takarda, haraji ya ƙaru. In ya buɗe ƙafa, ta ragu. "Jikana," yakan ce mini, "gona ba ta motsi, ƙafar mai awo ce ke motsi."

Da ya iso nan, ya tarar da wata al'ada. Ƙasa a hannun sarakuna take, kuma tana da yalwa. Baƙo ya kai goro fada, a haɗa shi da dattijo ya nuna masa: daga wannan kaɗanya zuwa waccan ɗorawa, daga suri zuwa bakin fadama. Ba wanda ya tambayi ƙafa nawa ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma a wancan zamani kimar ta wadatar.

Abu biyu suka kawo awo. Na farko birni. A 1907 Turawa suka ɗauke hedkwatar Arewacin Ghana ta yau daga Gambaga suka kawo ta Tamale, safiyo ya biyo su da sarƙarsa mai ƙafa 66, aka soma yanka unguwanni a miƙe. Na biyu tarakta. Mai tarakta ba ya karɓar kuɗi da "daga kaɗanya zuwa ɗorawa". Da eka yake lissafi. A nan mahaifina ya shiga sana'ar. Shi ake kira da igiyarsa ya tsaya tsakanin manomi da direba. Eka ɗaya murabba'in yadi 4,840 ce, shi ya sa a bakin gona ake cewa yadi 70 tsawo, 70 faɗi, wanda ke ba da 4,900, ya ɗara kaɗan.

Ina ɗan shekara 12 na fara riƙe masa bakin igiya. Ranar da ba na mantawa, wani direba ya zagaya gonar wata gwauruwa da igiya, ya ce zagayenta daidai yake da na gonar maƙwabcinta, don haka kuɗin huɗa ɗaya ne. Baba bai yi musu ba. Ya durƙusa ya zana fili biyu a ƙasa da tsinke. Ɗaya ƙafa 100 da 100, ɗaya 150 da 50. Zagayensu duka 400 ne. Amma na farko cikinsa 10,000, na biyu 7,500. Gonarta irin ta biyun ce, siririya mai tsawo. Ya ce, "Inna, kwata guda za a rage miki." Tun ranar na gane zagaye daban, ciki daban.

Gona mai karkata ta fi wuya. Hanyar da aka saba ita ce a haɗa ɓangarori biyu masu kallon juna a raba biyu, a yi wa sauran biyun haka, a ninka. Tsohuwar dabara ce ƙwarai, har a bangon haikalin Edfu a Masar an rubuta filaye da ita. Aibinta guda: in kusurwoyi ba su miƙe ba, kullum sai ta ba da fiye da gaskiya. Baba yakan ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya raba gonar gida biyu masu kusurwa uku, kowanne ya ninka gindi da tsayi ya raba biyu, sannan ya haɗa. Bai taɓa jin sunan al-Khwarizmi ba, wanda ya keɓe babi guda kan awon fili a littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, amma hanyarsu ɗaya. Har ɗakunan Dagomba masu da'ira yakan auna wa magina kafin daɓen siminti: ɗaki mai faɗin ƙafa 12, rabinsa 6, a ninka 6 da 6, a ninka da 22 bisa 7, a samu kusan 113.

Yau gonakin da muka auna sun zama gidaje. Tsarin mulkin 1979 ya mayar wa sarakunan Arewacin Ghana ikon ƙasa, kuma mai neman fili yanzu yana buƙatar takardar sarki, taswirar safiyo da rajistar Hukumar Filaye. Ghana ta koma ma'aunin mita tun 1975, amma a Gumani har gobe da ƙafa muke ciniki: fuloti 100 da 100. Ana cewa fuloti huɗu eka guda ne, alhali eka murabba'in ƙafa 43,560 ce, huɗun kuwa 40,000. Safiyon yanzu na'ura ce a hannunsa mai magana da tauraron ɗan Adam, kuma na yaba da ita. Sai dai mai sayen da bai iya ninka tsawo da faɗi ba, yana tsaye ne inda manoman kakana suka tsaya, yana kallon ƙafar wani.

Shi ya sa ranar Asabar nakan tara jikokina da 'ya'yan maƙwabta a filin bayan gida. Ɗaya ya riƙe bakin igiya, ɗaya ya kafa turke, ƙaramarsu ta rubuta da gawayi a jikin katanga. Makon jiya ta ɗago kai ta ce, "Kaka, wannan kusurwar ba ta miƙe ba, sai mun raba filin biyu." Na miƙa mata igiyar na ce ta ja.