Yadda Ruwan Famfo Ya Shiga Ikko

Duk wanda ya taɓa zuwa Ikko ya san ruwa ya kewaye asalin garin ta kowane gefe, domin tsibiri ne, tsakanin wani babban tafki da bakin teku. Baƙon da ya fito daga Arewa, inda ake haƙa rijiya gaba ashirin kafin a tad da ruwa, sai ya ce ai waɗannan mutane sun huta. Amma fa ba haka abin yake ba. Ruwan da ya kewaye su na gishiri ne, ba ya shayuwa. A zamanin da, rijiyoyi suke dogara da su, da ruwan sama. Rijiyoyin kuwa ba su da zurfi, ga gidaje a cushe, sau da yawa ƙazantar salga takan tsiyaya cikinsu. Saboda haka atuni da sauran cututtukan ciki suka yi ta ɗibar mutane, baƙi da 'yan gari.

Cikin shekarar 1908 Gwamna Egerton ya kawo shawara a jawo ruwa daga tudu cikin bututun ƙarfe. Aka ƙiyasta aikin zai ci fam 130,000. To, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wa zai ba da kuɗin? Gwamnati ta ce mutanen gari ne za su biya, ta hanyar wani haraji da za a ɗora wa gidaje, watau kuɗin ruwa.

Nan fa rigima ta tashi. Sarkin Ikko, wanda ake kira Eleko, mai suna Eshugbayi, ya ce talakawansa rijiyoyinsu sun ishe su, Turawa ne ke bukatar famfo, sai su biya. Waɗansu likitoci biyu 'yan ƙasa, Randle da Obasa, suka kafa ƙungiya a wannan shekara don su yi tsayayya da harajin. Herbert Macaulay, wanda ya yi karatun injiniya a Ingila, shi ma ya ɗaga murya. Dubban mutane suka ɗunguma zuwa gidan Gwamna suna kuka. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne ba a yi shawara da su ba, suna kuma zaton unguwar Turawa za ta sha daɗin, su kuwa su ɗauki kayan.

Duk da haka gwamnati ba ta fasa ba. Aka soma aiki cikin 1910 a wani wuri da ake kira Iju, arewa da Ikko, nisan fiye da mil 15. Can aka tare ruwan rafuka, aka gina wurin tace shi, sa'an nan aka shimfiɗa babban bututu ya gangaro har ya haye zuwa tsibirin. Gwamna Lugga ne ya buɗe shi cikin 1915, shekara guda bayan an gama Kudu da Arewa. A sa'an nan yana ba da kusan galan miliyan 2 da rabi kowace rana, mutanen gari kuwa, bisa ƙidayar 1911, sun ɗan haura 73,000. Aka kakkafa famfuna a bakin titi domin waɗanda ba su da halin a ja musu zuwa gida.

Ruwa ya zo, amma rigima ba ta kwanta ba. Da aka tashi karɓar kuɗin cikin 1916, sai gari ya sake yamutsewa. Likitocin nan biyu suka sassauta, domin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, jama'a kuwa ta juya musu baya. Har cikin masallaci maganar ta shiga. Babban Limamin Ikko, Lemomu Braimah, ya goyi bayan gwamnati, yawancin jama'arsa suka ƙi, Musulmin gari suka rabu biyu, aka yi shekaru ana ta shari'a. Eleko kuma tun daga nan jininsa bai ƙara haɗuwa da na Turawa ba. Daga baya waɗansu al'amura suka ƙaru a kai, aka tuɓe shi aka kai shi Oyo cikin 1925, bai komo ba sai 1931.

Bayan wannan gari ya yi ta bunƙasa. Ya tsallake zuwa Ebute Meta da Yaba da Apapa, ya cika tsibirin Ikoyi da na Biktoriya. Rafukan Iju suka kasa, aka koma ɗibar ruwa daga kogin Ogun. Aka yi ta ƙara injuna da bututu, har Iju ya kai galan miliyan 45 a rana cikin 1982. A farkon shekarun 1990 kuma aka buɗe sabon gidan ruwa a Adiyan, mai galan miliyan 70, da taimakon rancen Bankin Duniya. Watau kuɗin da aka nema a aljihun masu gidaje cikin 1908, yanzu sai da aka ƙetare teku aka ranto.

Amma duk sa'ad da aka ƙara bututu, sai a tarar mutane sun riga shi yin gaba. Yau mazauna Ikko miliyoyi ne, kuma mafi yawansu ruwan gwamnati ba ya isa gidajensu. Masu hali sukan haƙa rijiyar burtsatse, ko da yake a bakin teku takan fito da gishiri. Talakawa kuwa saye suke yi wurin masu tura kura da jarkoki, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne da 'yan Nijar. Har Yarabawa da sunan Hausa suke kiransu, watau mai ruwa. Abin da talaka ke biyan mai ruwa a kan jarka ya fi abin da mai famfo a gida ke biya.

Mai karatu ya duba wannan labari. Gwamna Egerton ya yi gaskiya da ya ce rijiyoyin nan suna kashe mutane. Eleko ma ya yi gaskiya da ya tambayi wa zai sha, wa zai biya. Da an zauna da jama'a tun farko an warware wannan tambaya, da an kauce wa fitina mai yawa. In an zo garinku da maganar famfo, kada ku ƙi don ƙyashin kuɗi, domin ruwa mai tsabta ba ya zuwa kyauta. Amma ku tambaya a nuna muku inda bututun zai bi.