Daga Wankin Allo Zuwa Jan Biro: Ina Gyaran Malam Ya Shiga?

Ka tuna ranar da malam ya dawo maka da littafin insha'inka. Me ka fara dubawa? Makin da ke sama, ko ba haka ba? Ni dai lokacin da nake firamare a Unguwar Mu'azu, da na ga 6/10 sai in rufe littafin. Wuraren da aka ja wa layi da jan biro kuwa, ko kallo ba su ishe ni ba.

Amma da yamma a makarantar allo ba haka muke yi ba. Can babu maki. Ka rubuta allonka, malam ya duba, ya gyara wasali ko ɗigon da ka tsallake, ya biya maka, kuma ba za ka wanke ba sai karatun ya zauna. A tsangaya abin ya fi haka tsanani: gardi yakan rubuta daga ka, ya kai allon darasu, a tono masa kurakurai, ya koma ya sake. Kuskuren nan shi ke nuna wa malam daidai inda hadda ta yi rauni.

Maki da boko ya zo. A 1909 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano, daga baya aka yi Kwalejin Katsina, wadda ta dawo nan Kaduna a 1938. Takarda ta maye gurbin allo, jarrabawa ta zama ma'auni. Da shirin UPE ya zo a 1976, azuzuwa suka cika maƙil. Malamin da littattafai tamanin ke jibge a gabansa, wane bayani zai rubuta? Ya sa lamba, ya wuce. Ban ga laifinsa ba.

To, me aka rasa? A 1958 Ellis Page ya yi gwaji a Amurka da malamai 74 da ɗalibai sama da 2,000. Waɗanda aka rubuta wa 'yan kalmomi a takardarsu sun fi ƙoƙari a jarrabawa ta gaba. A 1988 Ruth Butler ta raba yara kashi uku a Isra'ila: wasu maki kawai, wasu bayani kawai, wasu duka biyun. Masu bayani kawai ne suka ci gaba. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki zalla ba, kamar dai makin ya haɗiye bayanin. Ni ke nan da 6/10 ɗina! Gwajin ƙarami ne, yara 132, don haka kada ka ɗauke shi hukuncin ƙarshe.

Kuma ba kowane gyara ke da amfani ba. A 1996 Kluger da DeNisi sun tattara tarin gwaje-gwaje, suka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan, bayanin dagula aikin ya yi, musamman idan ya karkata ga mutum maimakon aikinsa. "Kai malalaci ne" ba ya gyara jimla ko ɗaya. "Sakin layinka na biyu babu hujja, sake shi" yana ba yaro abin yi, muddin za a karɓi aikin karo na biyu, kamar yadda ake mayar da allo.

Insha'in da ka rubuta a WAEC ko NECO fa? Ka ga C6 ko F9, amma takardar ba ta taɓa dawowa hannunka ba.