Ire-iren ayabar da ake ci a Najeriya da yadda ake bambance su

Mafi yawan ayabar da ake sayarwa a Jihar Kano, har da wadda ake kasawa a tire a Rogo Sabon Gari da Ƙaraye, daga Kudu ake kawo ta. Manyan motoci ke ɗauko ta ɗanya daga jihohi irin su Edo da Ondo da Osun da Kuros Riba, su sauke a manyan kasuwanni kamar ta ’Yan Lemo da ke Na’ibawa, sannan ’yan sari su rarraba ta. Mai saye yakan kira ta duka da suna ɗaya, alhali iri-iri ce, kuma kowane iri da amfaninsa da juriyarsa.

Asalin ayaba

Masana sun nuna cewa asalinta yankin Kudu maso Gabashin Asiya ne. Duk da tsayinta, ba itace ba ce, domin abin da ake gani kamar kututture gindin ganyaye ne da suka nannaɗe juna. Sau ɗaya uwar take haihuwa, sai a sare ta, ’ya’yan da suka tsiro a gindinta su gaje ta. Waɗannan ’ya’yan ake cirewa a dasa, shi ya sa cuta ke saurin bin iri daga gona zuwa gona.

Ayabar da ake ci ba dafawa

Cavendish ita ta fi yawa a kasuwannin duniya. Bishiyarta ba ta da tsayi sosai, tana da zaƙi da laushi, amma tana saurin yin tabo idan aka danne ta a mota.

Gros Michel doguwa ce mai kaurin ɓawo, don haka tana jure doguwar tafiya. Ita ce ta mamaye cinikin duniya har zuwa shekarun 1950, lokacin da cutar Panama ta lalata gonakinta a Amurka ta Tsakiya, aka maye gurbinta da Cavendish.

Akwai kuma ƙanana masu siririn ɓawo. Suna da zaƙi sosai, sai dai ba sa jimawa bayan sun nuna. Jar ayaba ma akwai ta, amma ba kasafai take zuwa kasuwa ba.

Agade

Agade, wadda wasu ke kira filanten, ta fi girma da yawan sitaci, kuma sai an dafa ko an soya ko an gasa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noma ta a duniya. Irin da ya fi yaɗuwa shi ne agbagba, mai manyan ’ya’ya marasa yawa. Wani irin kuma, kamar Obino l’Ewai, ’ya’yansa sun fi yawa amma ba su kai girman na farko ba.

Bayan ɓullar cutar Black Sigatoka mai ƙona ganye a shekarun 1980, cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta shigo da ayabar dafuwa irin su Cardaba, ta kuma samar da sababbin irin agade masu jure cutar a tasharta ta Onne da ke Jihar Ribas.

Nomanta a yankin Rogo da Ƙaraye

Ayaba na son danshi duk shekara, kuma takan ɗauki kusan shekara guda kafin a girbe ta. Damina a wannan yanki ba ta wuce wata biyar zuwa shida, ga iskar hunturu da ke yayyaga ganye. Saboda haka sai a fadama ko lambu take yi, ko inda ake ban ruwa, kamar wuraren da ke kusa da madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Gajeren iri ya fi dacewa, domin iska ba ta saurin kayar da shi. Wajibi ne kuma manomi ya san lafiyar gonar da ya samo dashe.

Abin lura ga mai saye

Da yake ɗanya ake ɗauko ta, a nan ake nunar da ita. Wasu na amfani da sinadarin kabayid don ta nuna da wuri, abin da Hukumar NAFDAC ta haramta ta kuma sha yin gargaɗi a kansa, saboda gubar da ke tattare da shi. Daga cikin alamomin irin wannan ayaba akwai ɓawo da ya yi rawaya fes alhali kan nonon na nan kore, da ciki mai tauri marar zaƙi. Wadda ta nuna da kanta takan yi ƙamshi da ɗigo-ɗigon baƙi a jiki.

Ɗan kasuwar da zai yi nisa da kaya ya fi cin riba da mai kaurin ɓawo. Ƙananan kuwa a sari daidai abin da zai ƙare cikin kwana biyu ko uku.