Lambun Bayan Ɗaki a Jibiya, Daga Zamanin Jigo Zuwa Rufe Iyaka

Yau hirarmu ta tarihi za ta kai mu Jibiya, garin nan na bakin iyaka a Jihar Katsina, kan hanyar Maraɗi, mu ji yadda miya ke shiga tukunya a can idan bazara ta kama.

Kun san dai bazara: rana ta ƙwalle, rijiyoyi sun ja baya, tumatirin rani ya ƙare, na damina ko shuka shi ba a yi ba. Tun zamanin kakanni, lambu iri biyu ne a wannan yanki. Akwai na fadama, na maza, a bakin gulbin Gada, wanda idan ya tsallaka Nijar ake ce masa Gulbin Maraɗi. Da jigo suke ɗebo ruwa, guga bayan guga, su shayar da albasa da tattasai. Sai kuma na cikin gida, wanda ko sunan lambu ba a cika ba shi ba: zogale biyu a gindin katanga, gwanda a makwararar ruwa, da ɗan fili bayan ɗaki inda ake binne irin kuɓewa da rama da yakuwa a jira ruwan fari. Wannan na mata ne, kuma ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka ke raya shi.

Abin mamaki, yawancin kayan nan baƙi ne. Kuɓewa da yakuwa 'yan Afirka ne, amma zogale da mangwaro daga Indiya suka fito, tumatir da barkono da gwanda kuwa daga nahiyar Amurka. Ita ma iyakar baƙuwa ce. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunanta na da suka koma arewa suka kafa Maraɗi, sai Ingila da Faransa suka zo suka ja layi tsakanin dangi a yarjeniyoyin 1904 da 1906. Layin bai hana amarya tafiya da ƙullin iri a bakin zanenta ba.

Farin 1973 da na 1984 sun girgiza kowa. A Nijar gwamnatin Seyni Kunce ta dage kan noman rani, har kwarin Jiratawa kusa da Maraɗi ya yi suna wajen zogale. A ɓangarenmu aka gina dam na Jibiya, aka kammala shi a 1989, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 142. Kasuwa ta cika da kayan lambu, gidaje da yawa suka saki shukar tsakar gida, tunda yaro zai sayo. A ganina an yi gaggawa.

Don kuwa kasuwar bakin iyaka ba ta da tabbas. A 2016 tsutsar nan da aka laƙaba wa Ebolar tumatir ta cinye gonaki a Arewa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na 2023 ya sa aka sake rufewa har Maris na 2024. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana manoma da dama zuwa gona. A irin waɗannan shekaru, mai zogale a gida ta kan tsinka ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, yara su ci, har ta ɗora wa 'yar talla saura.

To uwargida, yanzu ne lokacin. Ki sa a yanko miki reshen zogale mai kauri, tsawon kamu biyu, ki kafa shi inda ruwan alwala ke zuba, ki kewaye da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki. Ruwan sabulu mai yawa dai a kauce masa, yana ƙona saiwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.