Ihu: Ma'anoninsa da yadda ake amfani da shi

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Bici da ke arewacin jihar Kano, inda gidaje da gonaki ke kusa da juna, ɗaga murya hanya ce ta isar da saƙo tun kafin zuwan lasifika da wayar salula. Sai dai Hausawa ba sa kiran kowace ƙarar murya da suna ɗaya.

Ihu shi ne kalmar da ta fi faɗi. Yara kan yi ihu domin korar tsuntsaye daga gonar gero ko dawa idan amfani ya nuna. Amma asalin aikinsa neman ɗauki ne, kuma a al'ada duk wanda ya ji shi ya wajaba ya fito. Daga nan aka samo karin maganar nan ta "ihu bayan hari", wato gargaɗin da ya zo bayan ɓarna ta auku.

Kururuwa ta fi ihu tsanani, domin akan yi ta ne lokacin gobara, ko hari, ko labarin mutuwa. Daga gare ta aka samo "kururuta magana", ma'ana zuzuta abu fiye da yadda yake.

Guɗa kuwa ta mata ce, ana rangaɗa ta a lokacin farin ciki kamar kai amarya ko haihuwa. Yekuwa ita ce sanarwar da sankira ke yi da yawun sarki ko dagaci. A fagen siyasa, idan aka ce an yi wa wani ihu, to jama'a sun nuna masa ƙiyayya a fili.

Hatsarin yana ga ihun "ɓarawo", wanda kan tara jama'a kafin a tantance gaskiya. A watan Maris na 2025 an kashe wasu mafarauta 16, akasarinsu 'yan jihar Kano, a garin Uromi na jihar Edo, bayan an zarge su da satar mutane.

Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa wanda ake zargi ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Shari'ar Musulunci ma ta ɗora nauyin kawo hujja ne a kan mai ƙara. Saboda haka amsa ihu wajibi ne na maƙwabtaka, amma yanke hukunci aikin alƙali ne.